Ladan Kuturu: Darasin Kotu a Finafinan Mafiya

Fim ɗin The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya fitar a 1972 daga littafin Mario Puzo, ya yi suna da harbe-harbe da zubar da jini, amma da ƙorafin shari'a ya buɗe. Mutumin farko da mai kallo ke gani shi ne Bonasera, wani ɗan Italiya mazaunin birnin Niyok mai sana'ar shirya gawa. Wasu samari biyu sun yi wa 'yarsa dukan kawo wuƙa har suka karya mata muƙamuƙi, saboda ta ƙi ba su kanta. A matsayinsa na mai bin doka, sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Alƙali ya yanke wa samarin ɗaurin shekara uku, amma na jeka-ka-gyara-halinka, suka fice daga kotun a ranar suna yi masa murmushin mugunta. Daga nan ne ya nufi gidan Vito Corleone, jagoran 'yan Mafiya, a ranar da shi Viton ke aurar da tasa 'yar, ya sunkuya ya raɗa masa buƙatarsa a kunne.

Na daɗe da yarda cewa wanda ya fahimci waɗannan 'yan mintoci ya riƙe mabuɗin duk finafinan Mafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bonasera ya shafe shekaru yana kauce wa Vito, ko kofi bai taɓa gayyatarsa sha ba. Kotu ce ta kora shi can. Vito kuwa ya ƙi karɓar kuɗinsa. Abin da ya nema shi ne Bonasera ya sumbaci hannunsa, ya kira shi ubangida, ya kuma sa a ransa cewa wata rana za a iya nemansa da wani aiki. Sannan ya umarci yaransa su je su yi wa samarin lilis. Mai kallo sai ya ji sanyi a zuciyarsa, ya manta cewa a gaban idonsa aka ƙulla bashin da ba a faɗi adadinsa ba, ba a kuma sa ranar biyansa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Masanin zamantakewa ɗan Italiya, Diego Gambetta, ya yi bayanin wannan ciniki a littafinsa na 1993 kan Mafiyar tsibirin Sisili. A ganinsa, ainihin hajar da Mafiya ke sayarwa ita ce kariya, sauran harkokin da aka san ta da su rassa ne. Inda mutane ba su amince da juna ba, ba su kuma sa ran hukuma za ta ƙwato musu hakkinsu, mai saye da mai sayarwa za su nemi wani na uku da ake shakka ya tsaya musu. Shi kuma wannan na ukun, kasuwarsa ba ta ci sai rashin yardar ya ɗore. Ranar da kotu ta miƙe da ƙafafunta, ranar zai rasa masu buga masa ƙofa. Don haka gurguncewar kotu jarinsa ce, kuma zai kashe ko nawa ne don ta ci gaba da rarrafe.

Mu da muka tasa a shekarun 1990, a kaset ɗin bidiyo na haya muka san waɗannan finafinai, muna cunkushe a shagon wani yayanmu na unguwa. Turancinmu bai kai mu tsinci ko rabin abin da Marlon Brando ke faɗa da dasasshiyar muryar nan tasa ba, amma mun gane kujerar, mun gane layin masu neman alfarma a bakin ƙofa, mun gane yadda ake rusuna masa. Wannan ba ya buƙatar tafinta. Finafinan Indiya ma sun kawo mana labarin cikin wata rigar. Sarkar, wanda Ram Gopal Varma ya shirya a 2005, ya buɗe da uban da kotu ta juya wa baya a kan hakkin 'yarsa, ya zo gaban Amitabh Bachchan yana kuka. Daga Niyok zuwa Mumbai, ƙofar shiga labarin ɗaya ce.

Duk shekara nakan nuna wa ɗalibaina fitowar Bonasera, in tambaye su ko ya yi daidai. Mafi yawansu sukan ce ya yi, kuma ba na ganin laifinsu, domin kowannensu yana da labarin da ya ɗauko daga gida. Ni ma ina da nawa. Wani kawuna, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara tara yana shari'a a kan gonar da ya gada. A ɗage zama yau saboda lauya bai zo ba, a ɗage gobe saboda an nemi fayil an rasa, ana gab da kammalawa kuma aka canja wa alƙalin wurin aiki, aka koma farko. A shekara ta huɗu wani ya ba mu shawarar a kai kuka gidan wani babban mutum, wanda aka ce waya ɗaya zai buga a gama. Na isar wa kawu da saƙon. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗan nan, wanda ya karɓo maka gona da waya ɗaya, da waya ɗaya zai karɓe ta." Gonar ta dawo hannunsa daga ƙarshe, amma shanunsa biyu na huɗa sun tafi a kuɗin lauya da na mota. Na san wasu da suka bi ɗaya hanyar, buƙatarsu ta biya cikin mako guda. Da lokacin zaɓe ya zo, sai aka aiko a ba da aron samarin gidan.

Abin mamaki, fim ɗin Coppola da kansa bai ɓoye wannan ba, mai kallo ne ke shagala. Lokacin da dillalin miyagun ƙwayoyi Sollozzo ya zo neman haɗin gwiwa, babban abin da yake kwaɗayi a hannun Vito shi ne 'yan siyasa da alƙalan da ke aljihunsa. A taron shugabannin gidajen Mafiya ma, ƙorafin da aka yi masa shi ne ya mallake alƙalai shi kaɗai ya hana sauran. Ga kuma Kyaftin McCluskey, babban ɗan sandan da ya janye masu gadi daga asibiti don a ƙarasa Vito, saboda yana cin albashi a wurin abokin gaba. A kashi na biyu, na 1974, an ga yadda ake rufe bakin shaida ba tare da an taɓa shi ba: Frank Pentangeli ya shirya tona asiri a gaban kwamitin majalisar dattawa, sai aka ɗauko ɗan'uwansa daga Sisili aka zaunar da shi cikin 'yan kallo, nan take ya lashe amansa. Mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Mutumin da Bonasera ya kai wa kukan lalacewar kotu yana cikin manyan masu lalata ta. Shi ya gurɓata rijiyar gari, shi ne kuma ke sayar da ruwa.

Tarihi ya gaskata fim a wannan fuskar. A shari'ar Al Capone ta 1931 a Shikago, labari ya iso wa alƙali James Wilkerson cewa an fara sayen mutanen gari da za a zaɓo su taya shi yanke hukunci, sai ya musanya su da na wata kotun a safiyar fara zama. Aka ɗaure Capone shekara 11, kuma a kan ƙin biyan haraji aka kama shi, duk da jinin da ake danganta masa. Fim ɗin The Untouchables na 1987 ya ɗora nasarar a kan jarumtar Eliot Ness da bindigarsa, alhali jami'an haraji irin su Frank Wilson ne suka yi shekaru suna bin littattafan ajiyar kuɗi shafi-shafi. Haka kuma a 1987 kotu ta wanke John Gotti a Niyok, jama'a suna jinjina wa sa'arsa, sai daga baya ta bayyana cewa an toshe bakin ɗaya daga cikin masu taya alƙali da dala 60,000.

Inda fim ɗin ya yi wa mai kallo sassauci shi ne wajen biyan bashin. Da ranar Bonasera ta zo, aikin da Vito ya nema shi ne a gyara gawar ɗansa Sonny, don kada mahaifiyarsa ta gan shi da raunukan harsashi. Aiki ne na tausayi, kowa zai yi shi ko ba bashi. Ko kalmar Mafiya ma ba a furta ta a fim ɗin ba, sakamakon matsin lambar ƙungiyar da Joe Colombo ya kafa, wanda shi kansa shugaban ɗaya daga cikin gidajen Mafiya biyar na Niyok ne. A zahiri askin kuturu ya fi haka ƙazanta. Libero Grassi, mai masana'antar ɗinka tufafi a Palermo, babban birnin Sisili, ya rubuta wasiƙa a jarida a Janairun 1991 yana shaida wa masu karɓar kuɗin kariya cewa ba zai biya ba. 'Yan kasuwa 'yan'uwansa suka ja jiki suka bar shi shi kaɗai, aka harbe shi ranar 29 ga Agustan shekarar. Giuseppe Di Matteo kuwa yaro ne ɗan shekara 12, aka sace shi a 1993 don a tilasta wa mahaifinsa daina ba hukuma bayani. Aka tsare shi kwana 779, sannan aka shaƙe shi aka narkar da gawarsa. Waɗannan su ne mutanen da ake cewa suna girmama iyali.

Wannan ne ya sa nake girmama fim ɗin Gomorra na 2008, wanda Matteo Garrone ya shirya daga littafin Roberto Saviano kan 'yan Camorra, wato takwarorin Mafiya na yankin Napoli. Babu kujerar alfarma a cikinsa, babu kwat mai tsada. Akwai gidajen haya masu yoyo, da gubar masana'antu da ake binnewa a ƙasar noma, da samari biyu masu kwaikwayon jarumin fim ɗin Scarface, waɗanda aka harbe aka kwashe gawarsu da motar kwasar ƙasa. Shi kansa Saviano, tun 2006 yake rayuwa ƙarƙashin gadin 'yan sanda saboda abin da ya rubuta.

Akwai kuma finafinan da suka juya kyamara ga wanda ya tsaya a ɓangaren doka, kuma su ne na fi so ɗalibaina su kalla. Shekara guda bayan The Godfather, Al Pacino, wanda ya fito a matsayin Michael Corleone, ya sake fitowa a Serpico na Sidney Lumet, labarin gaskiya na ɗan sandan Niyok da ya ƙi karɓar kasonsa na cin hanci. Laifinsa a wurin abokan aikinsa shi ne hannunsa mai tsabta yana tona nasu. Ya kai ƙara sama, aka yi ta wasa da hankalinsa, har sai da jaridar New York Times ta buga labarin a 1970 aka kafa hukumar bincike ta Knapp. A Fabrairun 1971 aka harbe shi a fuska yayin wani samame, kuma fim ɗin ya nuna abokan aikinsa suna jan ƙafa a bayansa. Ya rayu, ya ba da shaida a ƙarshen shekarar, ya ajiye aiki ya bar ƙasar. Babu wanda ya yi layi don sumbatar hannunsa.

Na biyu shi ne Il Traditore, wato Maci Amana, wanda Marco Bellocchio ya fitar a 2019. Labarin Tommaso Buscetta ne, jigo a Mafiyar Sisili, wanda ɓangaren Totò Riina ya kashe masa 'ya'ya maza biyu da wasu danginsa. Da aka dawo da shi daga Birazil a 1984, sai ya karya dokar kame baki, ya zauna gaban alƙali mai bincike Giovanni Falcone ya zayyana masa tsarin ƙungiyar: yadda ake rantsar da sabon shiga, yadda gidaje ke da shugabanni, da majalisar ƙoli da ke amincewa da manyan kashe-kashe. Muhimmancin wannan bayani shi ne ya ba kotu damar tuhumar shugaban da bai taɓa riƙe bindigar da aka yi kisa da ita ba.

Baki ɗaya bai isa ya rusa ƙungiya irin wannan ba, sai da aka tanadi kayan aiki. A 1982, bayan kisan ɗan majalisa Pio La Torre da Janar Carlo Alberto Dalla Chiesa, Italiya ta yi dokar da ta mai da zama ɗan Mafiya laifi mai zaman kansa, ta kuma ba da ikon ƙwace dukiya. Amurka ta riga ta yi irin tata tun 1970, mai suna RICO. Alƙalan Palermo suka haɗu suka zama ayari guda mai musayar bayanai, ta yadda kashe mutum ɗaya ba zai kashe bincike ba, Falcone kuma ya dage kan bin sawun kuɗi a bankuna. A 1985 aka kai shi da abokinsa Paolo Borsellino tsibirin Asinara saboda barazana, a can suka ci gaba da rubuta takardar tuhuma mai sama da shafi 8,000. Aka gina ɗakin shari'a na musamman a jikin kurkukun Ucciardone. Zaman ya fara ranar 10 ga Fabrairun 1986 da mutum 475 da ake tuhuma, ya ƙare a Disambar 1987 da ɗaure sama da 300, ciki har da ɗaurin rai-da-rai guda 19.

Shugabannin Mafiya sun saba da cewa abin da ƙaramar kotu ta ɗaure, babba za ta kwance. Da kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Janairun 1992, sai suka gane aljihunsu ya huje. Ranar 23 ga Mayu suka tashi bom a kan babbar hanya kusa da Capaci, suka kashe Falcone da matarsa Francesca Morvillo, wadda ita ma alƙaliya ce, da masu gadinsa uku. Bayan kwana 57 suka kashe Borsellino da 'yan sanda biyar a ƙofar gidan mahaifiyarsa. Mutanen Palermo, waɗanda aka sani da rufe taga idan an yi kisa, suka fito tituna, suka rataya fararen zannuwan gado a barandunsu don nuna fushi. A Janairun 1993 aka kama Riina bayan ya yi shekara 23 yana ɓuya, kuma a cikin birnin Palermo aka same shi, abin da ke nuna yawan idanun da suka daɗe suna kau da kai.

Ba zan ce wa mai karatu hanyar kotu tana da daɗi ba. Don a kama manya, sai da hukuma ta yi ciniki da masu jini a hannu. Sammy Gravano, wanda shaidarsa ta kai Gotti kurkuku a 1992, ya amsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19, aka yanke masa shekara biyar kacal. Giovanni Brusca, wanda ya danna maɓallin bom ɗin Capaci, ya kuma ba da umarnin kashe yaron nan Di Matteo, ya fito daga kurkuku a 2021 bayan shekara 25, saboda ya ba hukuma haɗin kai. 'Yar'uwar Falcone, Maria, ta bayyana cewa abin ya yi mata ciwo, amma doka ce da ɗan'uwanta ya yi fafutukar a kafa, don haka dole a mutunta ta. Wannan adalci ne mai ɗaci da jinkiri. Bambancinsa da na Vito shi ne a rubuce yake, a bainar jama'a ake yin sa, ana iya ƙalubalantarsa a gyara, kuma wanda aka ƙwato wa hakki yana fita daga kotu babu wanda ke bin sa bashin kansa.

Ba mu da Mafiya irin ta Sisili, mai rantsuwa da majalisa, amma cinikin da Gambetta ya bayyana ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomi a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka ko girbi yana sayen kariya ne daga wanda ya ƙirƙiro barazanar. Kalmar ubangida ma ta samu gindin zama a siyasarmu, da ma'anar da ba ta yi nisa da ta fim ɗin ba. Matashin da ya girma yana ganin cewa waya ɗaya ta fi shekara tara a kotu, idan ya zauna kallon Vito, darasin da ya riga ya haddace ake maimaita masa da kiɗa mai daɗi. Hana shi kallo ba zai canja komai ba muddin fayil yana ci gaba da ɓacewa a ofishin rajistara.

Abin da nake roƙon ɗalibai da sauran masu kallo shi ne su riƙa ɗauke ido daga kujerar su dubi bakin ƙofa. Su tambayi kansu me ya kawo kowane mai bin layi, wace hukuma ce ta gaza kafin ya zo, wa ya gurgunta ta, kuma da me zai biya. Masu riƙe da ragamar shari'a kuwa, su sani cewa duk zaman da aka ɗage babu dalili, an tura wa wani ubangida sabon mai sumbatar hannu. A 2004, shekara 13 bayan kisan Libero Grassi, wasu matasa a Palermo suka kafa ƙungiyar Addiopizzo, suka riƙa tattara sunayen shagunan da suka ƙi biyan kuɗin kariya, suna kiran jama'a su yi sayayya a wurinsu. Grassi ya mutu ne saboda an bar shi shi kaɗai, su kuwa waɗannan masu shaguna ɗaruruwa ne, kuma sun manna alamar ƙin biyan a ƙofofinsu kowa yana gani.